Lahadi huɗu

Ƙarfe shida da rabi muka bar 'Yankaba, mu biyar cikin tsohuwar motar ƙungiya: direba, wata nas ta masu lalurar ƙwaƙwalwa da kowa ke ce wa Sista, wani ɗalibin likita, mai ba da magani, sai ni. Ni malamar firamare ce, ko allura ban iya riƙewa ba. An ɗauke ni ne don rubutuna yana karantuwa, kuma ni mace ce, zan iya shiga gidan da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsa.

Kaka ce. Tun daga Gezawa har muka wuce Ringim dammunan gero ne ko'ina a bakin hanya, ga riɗi an jingina shi a gonaki yana shan rana. Kafin Gujungu muka sauka daga kwalta muka kama burji, burjin ma ya ƙare muka faɗa rairayi. Sau biyu motar tana kafewa. A na biyun wasu samari masu amalanke ne suka tura mu, ɗayansu yana tsokanar direba wai a sayar da ita a sayi shanu biyu.

Bayan mun kai gaisuwa wurin dagaci, aka shimfiɗa mana tabarmi a gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin shan magani. Muka zauna har hantsi, ba kowa sai yara 'yan kallo. Ashe mai shela ya zaga gari tun jiya yana cewa likitocin mahaukata za su zo. To wa zai fito a gan shi? Sista ba ta ɓata rai ba. Ta sa aka kira shi, ta ce, "Baba, don Allah a sake zagawa. A ce mai rashin barci, da mai ciwon kai da ya ƙi jin magani, da mai farfaɗiya, su zo." Kafin azahar na cika shafi uku.

A wannan rajista na koyi abin da ban sani ba game da yaren da aka haife ni a cikinsa. Ba wanda ya zauna ya ce yana da ciwon damuwa. Cewa ake yi "tsakar kaina ke zafi", ko "wani abu ke yawo a jikina", ko "ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora dutse". Sista kuma ba ta fara da tambayar da za ta ba mutum kunya. Barci take fara tambaya. Sai abinci. Sai ta ce, "Rabonki da zuwa biki ko suna fa?" Wata mata da ta zo neman maganin ciwon kai, da aka zo nan sai ta yi shiru, ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Ya'ya biyu ta binne a damina ɗaya. Kowa ya ce mata ta yi haƙuri, ta kuma yi, amma tun daga lokacin ba ta ƙara barcin kirki ba. Sista ta fi rabin awa da ita, layi yana ta gunaguni.

Masu farfaɗiya sun fi kowa yawa, kuma su suka fi ba ni tausayi, don cutar tana jin magani, ga maganin ba tsada. An cire wata yarinya daga makaranta saboda ana cewa miyanta yana yaɗa ciwon. Ɗalibin likitan nan ya maimaita har muryarsa ta dishe: ba a ɗauka, kada a cusa cokali a baki, a kwantar da ita ta gefe, a nisanta ta da wuta da rijiya.

Da la'asar wata tsohuwa ta ja ni gefe, ta ce akwai wanda ba zai iya zuwa ba. Muka bi ta ni da Sista. A bayan rumbu akwai wani ɗan ɗaki mara ƙyaure. Saurayi ne, bai fi shekara ashirin da biyar ba, yana zaune a kan buhu, mari a ƙafarsa ta hagu, an zarga sarƙa a turke. An naɗe ƙarfen da tsumman atamfa don kada ya ci fata, kuma tsumman wankakke ne. Ya amsa sallamarmu, sannan ya ci gaba da magana da wanda ba ma gani.

Na shiga ɗakin nan da fushi a raina. Na tuna gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a 2019, tun daga na Rigasa a Kaduna. Na san kuma a farkon 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta Turawan mulkin mallaka ta 1958, ta kuma hana ɗaure majinyaci da sarƙa. Har na buɗe baki, tsohuwar ta riga ni.

"'Yar nan, ni na haife shi. Ya taɓa fita, kwana uku muna nema, a bakin titi aka tsince shi ba riga. In na sake shi na tafi gona, wa zai tsare min rijiya?"

Sun taɓa kai shi asibitin Dawanau a Kano, da kuɗin akuya. Ya samu sauƙi har ya yi noman damina guda. Magani ya ƙare, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa ya gagara, ciwo ya dawo. Jigawa tana da nata asibitin a Kazaure, amma daga wannan ƙauye shi ma wata uwa duniya ce. Sai aka koma wa rubutu da hayaƙi.

Aka kira malamin da ke masa ruƙiyya. Na zaci za a yi ja-in-ja. Sista ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Allah gafarta Malam, addu'a da rubutu a ci gaba, mu ma muna so. Duka da hayaƙin barkono ne muke roƙo a bari." Ya ɗan yi shiru, sannan ya kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Shi ya lallashi saurayin har ya yarda aka yi masa allura, irin wadda ke aiki wata guda.

Ba a cire marin ranar ba, kuma wannan ya tsaya min a rai har yau. An dai yi alkawari da ƙanin mahaifinsa, a gaban mai unguwa, cewa da ya fara barci za a riƙa kwance shi da rana, wani yana zaune da shi.

Na rubuta ranar dawowarmu a kati na miƙa wa tsohuwar. Ta juya shi sama da ƙasa, ta mayar min. "Faɗa min da kasuwa," ta ce. Sista ta ƙirga da yatsu: kasuwar Gujungu huɗu, ranar Lahadi take ci. Tsohuwar ta tsinci ƙwallayen dabino huɗu ta zuba a wani gwangwanin madara, ta ɗora a kan katanga.

Mun isa kwalta bayan magariba, da kwaryar gyaɗa a cinyata. Muna wuce Ringim mai ba da magani ya kunna fitilar waya yana ƙirga alluran da suka rage a kwali. Guda shida ne, sunayen da na ja wa layi a rajista kuwa tara.