Ɓarnar da hannuna ya yi wa tsohon babur ɗina ta fi ta tsatsa

Ranar da na turo shi cikin gida tayoyinsa biyu a sace suke, kujerarsa ta yage, tankinsa kuma yana warin tsohon fetur. Honda CB350 ne mai silinda biyu, ƙirar 1971, cikin jerin da kamfanin ya ƙera daga 1968 zuwa 1973. Ya shekara goma sha wani abu a yashe ƙarƙashin rumfa. Amma da na taka kik, injin ya juya, har na ji yana turje wa ƙafata, alamar da sauran ƙarfi a cikinsa. Da na san abin da na sani yanzu, da cikin 'yan makonni ya hau titi. Sai da ya shekara uku kafin ya tafi lafiya, kuma mafi yawan abin da na gyara a waɗannan shekaru, ni na lalata shi da hannuna. Shi ya sa nake rubuto muku wannan, ƙannena masu sha'awar tsofaffin babura, don kada ku bi ta inda na bi.

Tun kafin ka ɗauki sufana, duba takardu. Lambar da ke jikin firam da wadda ke jikin inji su dace da abin da aka rubuta. Ni a nan na yi sa'a kawai, don ban duba ba sai daga baya.

Kuskurena na farko ɗoki ne. Cikin kwana biyu na kwance babur ɗin kaf, har ya zama firam tsirara, na tara notuna da sukurori a gwangwani ɗaya ina ganin ai zan tuna. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Bayan wata takwas da na zo haɗawa, sai na tarar sukurorin murfin inji ba tsayinsu ɗaya ba. Na sa dogo a gurbin gajere, na ɗaure, na ji ƙas, alminiyon ya tsage. Yanzu idan zan cire murfi, sai na zana siffarsa a kwali, na huda rami-rami, kowane sukuru na soke shi a daidai inda ya fito. Kowane sashe da ledarsa, da sunansa a rubuce. Waya kuwa ba na cire ta sai na ɗauki hoton inda take.

Amma asarar da ta fi tsagewar murfi ita ce na kwance injin ban taɓa jin kukansa ba. Inji mai aiki yana gaya maka ciwonsa: shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai, ƙwanƙwasa daga ƙasa daban take da ƙas-ƙas daga sama, za ka san ko giya tana shiga, ko kuloci yana kamawa, ko yana cajin batir. Da zarar ka zuba shi a kwalaye, ka rufe masa baki, sai ka koma canki-canka kana sayen kayan da ba ka buƙata. Don haka ka fara ƙoƙarin tayar da shi yadda yake. Zubar da tsohon baƙin mai ka zuba sabo. Cire fulogi, ka ɗiga mai kaɗan a cikin silinda, ka bar shi ya kwana, sannan ka juya injin a hankali. Duba ko fulogi yana ba da wuta. Wanke kafireta, ka ba ta fetur daga wata 'yar kwalba mai tsabta, kada ka bari ta sha daga tsohon tanki. Abu uku inji yake nema: fetur, wuta a kan lokaci, da matsin iska a silinda. Idan ya tashi, ko na minti biyu ne, ka kasa kunne sosai.

Sai batun sukurori, wanda ya ci mini rai ba kaɗan ba. Na cinye kan sukuru ya fi goma ina zargin tsatsa, ashe sukurudirebata ce ba tasu ba. Sukurorin baburan Japan masu kan gicciye ana ƙera su ne bisa ma'aunin da ake kira JIS, wanda ya yi kama da na Phillips amma ba ɗaya suke ba. Sukurudirebar Phillips ba ta zama daram a cikinsu, da ka matsa sai ta zame ta gwigwiye kan. Wasunsu za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Ka nemi sukurudireba ta JIS, ka kuma nemi irin wadda ake bugun ƙeyarta da guduma tana juyawa da kanta. Wanda kuma ya sami tsohon babur na Ingila, irin su BSA ko Triumph ko Norton na kafin ƙarshen shekarun 1960, ya sani notunansu na tsohon ma'aunin Birtaniya ne, irin su Whitworth, sufanar milimita ba za ta zauna musu daidai ba. Yawancinsu ma ƙafar dama ce ke sa giya, kuma kan batir mai alamar tarawa (+) shi ake haɗawa da firam, saɓanin abin da ka saba. Noti idan ya ƙi, ba ƙarfi yake so ba. Zuba masa man sassauta tsatsa, ka ba shi kwana ɗaya, ka ɗan gasa gefensa, ka ɗan bubbuga. Sauri ya haifi nawa: notin da ka karya cikin daƙiƙa ɗaya zai iya cinye maka mako guda.

Haka wajen ɗaurewa. Alminiyo ƙarfe ne mai taushi. Ni na cinye haƙoran ramin fulogi saboda na fara ɗaure shi da sufana alhali ya shiga a karkace. Fulogi da yatsu ake fara murza shi har ya zauna, sannan sufana ta ƙarasa. Ƙananan notuna masu kaurin milimita 6 ba sa son fiye da kimanin Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma hannun matashi ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka mallaki sufana mai auna ƙarfin ɗauri, ka kuma mallaki littafin gyara na ainihin ƙirar babur ɗinka. Kowane adadi da na ambata a nan, ka gwada shi da abin da littafinka ya ce.

Yanzu ga wanda har gobe yake yi mini ciwo. Da na zo haɗa injin, na ji tsoron yoyon mai, sai na shafe gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin sassan inji don hana yoyo, da fuskokin ƙarfe da gam ɗin silikon, na labta shi ba ƙaƙƙautawa. Abin da ya ɓullo waje na goge, na ji daɗi. Ban yi tunanin wanda ya ɓullo ta ciki ba. A wannan inji, baƙin mai yana bin wasu 'yan siraran hanyoyi ne ya hau sama zuwa kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, ita kuma tana juyawa ne kai tsaye a cikin alminiyo, ba abin da ya raba su sai siririn mai. Guntun silikon ya ɓalle ya toshe hanya. Ban yi nisa ba saman injin ya fara kuka, kafin na tsaya ya riga ya cinye mazaunin kamshaf ɗin. Sashen da ya shekara arba'in da wani abu lafiya, ni na kashe shi a yammaci ɗaya. Gaskit mai kyau a kan fuska mai tsabta ba ya buƙatar komai. Inda littafi ya ce a sa gam, ɗan shafe ake yi, siriri kamar ba a sa ba. Kuma duk ranar da ka fara tayar da injin da ka haɗa, buɗe murfin bawul ka leƙa. Idan ba ka ga mai ya iso ba cikin ƙasa da minti ɗaya, kashe shi nan take.

Da na sake kwance injin don gyara wannan ɓarna ne na gano wani abin da na tsallake. Irin wannan Honda ba ta da matatar mai ta takarda. Wani ɗan kofi ne a ƙarshen kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, ta ɓangaren dama, yana juyawa da gudu yana wurga datti jikin bangonsa. Da na buɗe nawa, na tarar da baƙin laka ya daskare kamar yumɓu. Canjin mai ba ya fitar da shi, sai an buɗe an kankare. Shi kansa man, ka kula da wanda kake zubawa. Kulocin yawancin baburan nan a cikin man inji yake wanka, wasu mayukan mota kuma an sa musu sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan ɗinsa.

Fenti ma na yi shi a lokacin da bai dace ba. Na kankare fentin asali, wanda ya ɗan koɗe ne kawai, aka fesa sabo yana ƙyalli, ban leƙa cikin tankin ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Tsatsa ta riga ta ci gindinsa, bayan 'yan watanni fetur ya fara tsattsafowa ta ƙananan huji, sabon fentin ya kumbura. Cikin tanki ake fara gyarawa: a jiƙa shi da binega na 'yan kwanaki, a ɗauraye da ruwan da aka sa wa bakin soda, a busar da shi nan da nan kafin sabuwar tsatsa ta kama, sannan a sa 'yar matata a tiyon fetur. Kada ka kuskura ka kai wutar walda jikin tanki a gida, ko da ka ga ya bushe, domin tururin fetur da ya rage a ciki ya isa ya tarwatsa shi. Fentin asali kuwa, in yana da sauran rai, wanke shi ka goge. Sau ɗaya kamfani ya fesa shi, in ka kankare ya tafi ke nan, kuma ni har yanzu ina kewar nawa.

Kafireta ta sha zargi a wurina ba da haƙƙinta ba. Na yi wata guda ina kwance ta ina haɗawa saboda silinda ɗaya na yanke wuta, har na tsokane jet, ɗan bututun da fetur ke fita ta cikinsa, da allurar ƙarfe na faɗaɗa raminsa, alhali tagulla ce mai taushi da ba ta son komai sai man wanki da iska. Ashe matsalar kondansa ce da kwantak, wato sassan da ke sarrafa wutar fulogi. Akwai tsarin da ake bi, kuma kafireta ce ta ƙarshe a cikinsa. Fara da ɗaurin sarƙar kamshaf. Sai tazarar bawul, injin yana sanyi: a nawa milimita 0.05 ce a na shigar iska, 0.10 a na fitar hayaƙi. Sai tazarar kwantak, milimita 0.3 zuwa 0.4, sai saita lokacin wuta. Batir ya kasance a cike, wajen bolt 12.6, domin wutar fulogin wannan babur daga batir take zuwa, in ya yi rauni ita ma ta yi rauni. Bayan duk wannan ne za ka taɓa kafireta, ka ɗaga robar cikinta a gaban haske ka ga ko ta huje. Kuma kada ka bar makulli a kunne inji a kashe, kwayil yana iya ƙonewa.

Abin da ya kusa raba ni da raina kuwa taya ce. Zanenta bai cinye ba, na ce ai da sauranta. A wata kwana, ba gudu nake ba, ta gaba ta zame kamar an ja tabarma, na faɗi na gurje gwiwa da kafaɗa, hular kwano ce ta kare mini kai. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tauri. A gefen taya akwai lambar ranar ƙira: tun daga 2000 lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga lambobi uku, tayar ta girmi shekarar 2000. Tawa uku ce. Sabuwar taya, sabon tif, sababbin takalman birki da wayoyin birki da na totur, waɗannan ba a jinkirta su. Tsofaffin takalman birki gam ɗinsu kan saki, fatar ta ɓalle ta cije ƙafa ana cikin tafiya. Ƙurar cikinsu kuma kada ka hura ta, da yawa an yi su da asbestos mai lahani ga huhu, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. In naka mai birkin faifai ne, ruwan birki yana shan danshi, a canja shi duk shekara biyu. Ka kuma riƙa tunawa birkin ganga na 1971 ba zai tsaya maka kamar na babur ɗin yau ba, ka bar tazara mai yawa.

Bayan ya tashi, kulawarsa ba ta da wuya. Na daɗe ina tayar da shi minti biyar a tsaye ina ganin alheri nake masa, ashe danshi nake tara masa a salansa da cikin mai, batir kuma yana raguwa. In za ka tayar, ka hau shi har ya yi zafi sosai, kuma ba a cikin rufaffen ɗaki ba, iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. In zai daɗe a ajiye, rufe famfon fetur, ka tsiyaye kafireta, musamman idan fetur ɗin na da gaurayen itanol, wanda ke jawo ruwa yana kuma cin tsohuwar roba. Sarƙar tayar baya tana son mai da ɗan sako-sako na kimanin milimita 20, maƙallinta kuma rufaffen bakinsa ya fuskanci inda take tafiya.

Ina da ƙaramin littafi rataye a ƙusa kusa da inda yake kwana. Duk abin da na taɓa sai na rubuta ranar da adadin kilomita. A shafin ƙarshe na rubuta cewa shokzoba ta hagu ta fara jiƙewa da mai. Na ɗauki hotonta ta kowane gefe, na karanta babin sau biyu, na yanka kwalin sukurori na ajiye. Robar da ke tare man ba ta iso ba tukuna, don haka ban kwance ko noti ɗaya ba.