Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rinin da ya koɗe farat ɗaya

Makon jiya na tsaya a inda na sauka Maradi bayan shekara biyu ina karatu a Faransa. Daren ranar, da aka idar da sallar isha'i, Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Ali Ɗan Sofo, ya ce, "To uwata, me kike leƙe a ɗakin duhun nan har kika rame haka?"

Baba marini ne. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin faratansa ba shuɗi ba. Sai na ce, "Baba, sana'arku na gada, rini nake yi." Ya yi dariya, na buɗe kwamfuta. Baƙin allo ne, da ɗige-ɗige kore da ja suna ƙiftawa.

Na ce zaren gado da ke cikin jikin ɗan Adam, wanda ake kira DNA, shi nake ɗaura wa rini biyu, Cy3 da Cy5. Sai in manna zaren a gilashi, in haska shi da koren laza, hasken da ba ya shiga ruwan da ke kan gilashin fiye da kamar nanomita 100. Nanomita kuwa, a raba milimita ɗaya gida miliyan, a ɗauki ɗaya. In rinin biyu suna nesa da juna, na farkon ne ke haske, koren ɗigo ya fito a allo. In zaren ya lanƙwashe suka matso ƙasa da nanomita 10, sai na farko ya miƙa wa na biyu ƙarfinsa, ja ya tashi. Wani Bajamushe, Theodor Förster, ya fitar da lissafin wannan miƙo tun 1948, amma sai a 1989 William Moerner ya gano ƙwayar sinadari guda tilo da haske a Amurka, Michel Orrit ya ga ƙyallinta a birnin Bordo na Faransa shekarar da ta biyo baya.

Ban ɓoye masa wahalar ba. Wata biyar ina wanke gilashi, ƙura kaɗai nake gani tana haske, wani daren har kuka na yi.

Baba bai ce komai ba, idonsa na kan wani ɗigo ja. Can ɗigon ya ɓace.

"Ya koɗe," in ji shi. Ya sa na maido da hoton baya sau uku. "Amma uwata, zane a hankali yake koɗewa, wanki bayan wanki, rana bayan rana. Wannan ko farat ɗaya ya mutu."

Na yi shiru, zuciyata na bugawa. Ya shafa gemu, ya ce, "Ke nan guda ɗaya ce tal. Ba ta da ƴar'uwar da za ta rage haske a bayanta."

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Da wannan mutuwa ta taki ɗaya muke tabbatar da cewa ƙwaya guda muke kallo, kuma ni sai da aka zana mini a allo kafin na gane.

Inna tana gefe tana yi wa ƙanena fifita, ciwon sikilarsa ya motsa tun la'asar. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wannan madubin naku, yana iya ganin abin da ke cikin jinin yaron nan?"

Amsar da na ba ta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.