Hancina ya dawo: godiya ga waɗanda suka tsaya mini, har da wadda ba ta san ni ba

Alhamdulillahi. Wata goma sha huɗu ke nan da wata muguwar mura ta tafi da jin ƙanshina. A makon jiya ina rungume da ɗana bayan an yi masa wanka, sai na ji ƙanshin sabulu a wuyansa. Na tsaya cak, har mamansa ta zaci wani abu ne ya sami yaron.

Ita zan fara gode wa. Wasu sun ɗauki abin wasa, har da masu ce mini ai na huta da wari. Uwargida ce ta zama hancina. Ita ke sansana rigata kafin in fita, ita ke duba ko gas na zuba, ita ta fizgo ni daga ɗaki ranar da wayar lantarki ta fara ƙonewa a bango ina zaune ban sani ba. Allah Ya saka miki da alheri, Ya bar mu tare.

Sai likitan hanci da ya ɗora ni a kan atisayen shaƙa: kwalabe huɗu, na wardi, da lemun tsami, da kanumfari, da man bishiyar turare, safe da yamma. Ya ce Thomas Hummel na Dresden a Jamus ne ya fito da tsarin a 2009. Na yi wata biyar ina shaƙar iska kawai. Da abu ya fara motsi kuwa, sai komai ya koma warin ƙonanniyar roba, har turarena. Na koma wurinsa a firgice. Ya yi murmushi ya ce alama ce mai kyau, ya jawo takarda ya fara zane, a nan na fara jin sunan Linda Buck.

Ba'amurkiya ce, haifaffiyar Seattle a 1947. Ilimin garkuwar jiki ta karanta har digiri na uku a Dallas, daga baya ta shiga ɗakin binciken Richard Axel a Jami'ar Columbia da ke New York. Wata maƙala da ta karanta a 1985 ce ta ja hankalinta zuwa hanci, a lokacin ba wanda ya san ainihin abin da ke cafke ƙanshi a cikinsa. Ta soma nema a 1988, ta kwashe shekara uku tana tonon ƙwayoyin halittar ɓera. A 1991 ita da Axel suka wallafa sakamakon a mujallar Cell: wani babban dangi na ƙwayoyin halitta, kusan 1,000 a ɓera, masu samar da sinadaran da ke cafke ƙanshi. Mu mutane kuwa, masu aiki a cikin namu kusan 400 ne. An ba Buck da Axel kyautar Nobel a 2004.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne aikin da ya biyo baya. Kowace jijiyar ƙanshi irin sinadari ɗaya tak take ɗauke da shi, kuma a 1999 ɗakin binciken Buck a Harvard ya nuna cewa ƙanshi ɗaya yakan taɓa da yawa daga cikinsu, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta karanta kamar baƙaƙe a kalma. Jijiyoyin hanci kuwa suna sake tohowa. Likita ya ce nawa sun fara dawowa ne, wasu sun riga wasu, shi ya sa kalmar ke fitowa da giɓi. Daga ranar na daina zargin kaina da taɓin hankali.

Wani abu ya ƙara mini ganin girmanta. A 2008 ta janye wata maƙalar ɗakin bincikenta da kanta, saboda an sake gwajin bai ba da sakamakon farko ba. Mai riƙe da Nobel, ta fito ta ce akwai kuskure. Malama Linda, ba za ki ga wannan ba, amma na gode.

'Yan'uwa da abokai da kuka yi ta addu'a da kiran waya, Allah Ya bar zumunci. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, domin lemun tsami da kanumfari sun dawo daidai, wardin ne har yanzu yake zuwa mini kamar jiƙaƙƙen kwali. Likita ya ce in ƙara wata uku da kwalaben.