Ranar 15 ga wata: abin da bin bashin kwangila ya koya mini a Amurka

Aikina a ofis yake, ba a wurin gini ba. Kamfanin da nake yi wa aiki a Houston, jihar Teksas, ƙaramin ɗan kwangila ne mai yin wayarin na lantarki a shaguna, ɗakunan ajiya da gidajen haya masu hawa-hawa. Ni ke riƙe da littafin kuɗi: in tura takardar neman biya, in bi sawunta, in tabbatar ma'aikata sun karɓi albashinsu ranar Juma'a ko an biya mu ko ba a biya mu ba. A wannan kujera na gane cewa a harkar gini ta ƙasar nan, iya aiki daban, iya karɓo kuɗin aikin daban, kuma na biyun kusan duka ilimin kalanda ne.

Yadda kuɗi ke tafiya shi ne tushen matsalar. Banki ya ba mai gini rance, mai gini ya biya babban ɗan kwangila, shi kuma ya rarraba wa na ƙasa da shi: mai wayarin, mai famfo, kafinta, mai tayil, mai kawo siminti da rodi. Mu da mai ginin ba mu taɓa sa hannu a takarda ɗaya ba, wani lokaci ko fuskarsa ba mu sani ba. Idan babban ɗan kwangila ya karɓi kuɗinmu ya toshe ramin wani aikinsa da shi, ko ya karye gaba ɗaya, wayoyinmu suna cikin bangon wani, ba kuma za mu je mu zaro su ba.

Don irin wannan ne kowace jiha ta Amurka take da dokar da a nan ake kira liyen. Wanda ya zuba guminsa ko kayansa a gini ba a biya shi ba, yana da ikon zuwa ofishin rajistar filaye na gunduma ya ɗora bashin a kan ginin kansa. Daga ranar, duk wanda ya bincika takardun filin zai ga bashin a manne. Banki ba ya son sakin sauran rance, mai saye ba ya son saye, kuma idan abin ya yi nisa kotu na iya sa a yi gwanjon ginin a biya mai bin bashi. Tsohuwar doka ce. Majalisar jihar Maryland ce ta fara yin ta a 1791, da goyon bayan Thomas Jefferson da James Madison, waɗanda daga baya suka shugabanci Amurka, domin magina su saki jiki su zo su gina sabon babban birni, Washington. A Teksas da Kalifoniya har cikin kundin tsarin mulkin jiha aka rubuta wannan haƙƙi.

To amma makami ne da ake ba ka da sharaɗi. Tun da doka ta yarda ka taɓa dukiyar mutumin da ƙila ya riga ya biya babban ɗan kwangilarsa, sai ta ɗaure ka da wa'adi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Alƙali zai iya yarda cewa ka yi aikin, ya yarda cewa an cuce ka, ya kuma soke liyen ɗinka saboda takarda ta makara da kwana guda.

Lissafin Teksas, wanda ke babi na 53 na dokar kadarori ta jihar, ya rataya ne a kan ranar 15 ga wata. A aikin da ba na gidan zama ba, idan muka yi aiki a Janairu ba a biya mu ba, dole takardar sanarwa ta tafi wa mai gini da babban ɗan kwangila kafin 15 ga Afrilu ta wuce, wato ranar 15 ta wata na uku bayan watan da aka yi aikin. Abin da sabon shiga ba ya ganewa da wuri shi ne kowane wata da nasa wa'adin. Sanarwar da ta kare kuɗin Maris ba ta dawo da na Janairu idan ranarsa ta riga ta wuce. Saboda haka aikin da ya ɗauki wata takwas yana iya zama agogo takwas suna tafiya lokaci guda. Bayan sanarwa sai takardar rantsuwa, wadda ita ce liyen ɗin kansa, a shigar da ita a ofishin magatakardan gunduma kafin ranar 15 ta wata na huɗu bayan watan da muka yi aikin ƙarshe. A aikin gidan zama kowanne ana rage masa wata guda: sanarwa a wata na biyu, rantsuwa a na uku. Sannan cikin kwana 5 da shigarwa a aika wa mai gini kwafi.

An sauƙaƙa abin kaɗan ga kwangilolin da aka ƙulla daga 1 ga Janairu 2022. An cire wata ƙarin sanarwa ta wata na biyu da ake tilasta wa ƙananan 'yan kwangila na can ƙasan layi, kuma yanzu idan ranar 15 ta faɗo Asabar, Lahadi ko ranar hutu, wa'adin yana matsawa zuwa ranar aiki ta gaba. Ni dai ban dogara da wannan rangwamen ba. Ranar 10 ga kowane wata nake zama da jerin ayyukanmu in fitar da wasiƙu masu rajista, in ajiye rasit ɗin gidan waya a fayil ɗin kowane aiki.

Sanarwar nan tana da wani amfani da ya fi barazana. Da zarar ta isa hannun mai gini, doka ta ba shi damar riƙe daidai wannan kuɗin daga abin da zai biya babban ɗan kwangila. Ka ga ke nan an tare ruwan tun daga sama kafin ya gangaro hannun da zai shanye shi. Sau da yawa maganar a nan take ƙarewa: mai gini ya ɗaga waya, kwana kaɗan sai ga ceki.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne abin da ya shafe mu, mu da muka taso a ƙasar Hausa. An rene mu da cewa bin bashi da zafi rashin mutunci ne. Ka yi sallama, ka tambayi iyali, ka kewaya, sannan a ƙarshe ka ce, "Alhaji, dama maganar ɗan abin nan ce." Ya ce ka ƙara haƙuri, ka ce ba komai. Idan abin ya ƙi, a nemi wani babba ya sa baki. Wannan tsari yana aiki inda kowa ya san gidan kowa. A nan kuwa, duk kwanakin da kake kashewa kana kewaye-kewaye, doka tana ƙirga maka su.

Akwai wani ɗan uwa mai aikin tayil da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, hannunsa na da kyau ƙwarai. Ya yi wa wani babban ɗan kwangila aiki a wani gidan abinci, aka riƙe masa kuɗin wata biyu. Duk sanda ya kira, sai a ce masa mai ginin ne bai saki kuɗi ba, mako mai zuwa. Na ce masa, "Malam, ka tura sanarwa, ko da kana ganin za su biya." Ya ce, "Haba ɗan uwa, mutumin da ke ba ni aiki zan kai ƙararsa wurin ubangidansa? Gobe da wane ido zan dube shi?" Lokacin da ya yarda ya je wurin lauya, ranar sanarwar watannin biyu duk ta wuce. Bashin bai mutu ba, yana da ikon kai ɗan kwangilar kotu a kan saɓa yarjejeniya. Sai dai ƙarar mutumin da asusunsa ya bushe ba ta sayen buhun shinkafa. Ginin da ke tsaye da tayil ɗinsa a ciki, shi ne dukiyar da za a iya kamawa, shi kuma ya kuɓuce.

Kunyar mara kunya asara ce, haka ne, amma ni abin da na lura ya wuce nan. Manyan kamfanoni ba sa ɗaukar sanarwar a matsayin cin fuska ko kaɗan. Dilolin kayan gini suna tura ta ga kowa, da mai biya da mai taurin bashi, kamar yadda suke tura rasit. Akawun babban ɗan kwangila ma, idan kuɗi ya yi ƙaranci, waɗanda suka kiyaye haƙƙinsu na liyen yake fara sallama, domin su ne za su iya tsayar da rancen banki. Mai haƙuri da bai tura komai ba shi ake turawa ƙarshen layi, ba don an tsane shi ba, don dai shi ne ba zai iya yin komai ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in haɗa biyun: in kira mutum in gaishe shi yadda aka koya mini, in ce masa takarda na zuwa, ka'idar ofis ce muna tura wa kowa. Ban ga wanda ya daina ba mu aiki saboda haka ba.

Wani darasin shi ne kada ka ɗauki agogon wata jiha ka shiga da shi wata. A Kalifoniya sanarwar farko tana tafiya ne cikin kwana 20 da fara aiki, tun ba a yi maganar bashi ba, wanda ya makara kuwa sanarwarsa tana kare kwana 20 na baya ne kawai da abin da ya biyo. Liyen a shigar cikin kwana 90 da kammala ginin, amma idan mai gini ya yi rajistar takardar kammalawa, ƙaramin ɗan kwangila kwana 30 ya rage masa, babba 60. A Fulorida sanarwa ga mai gini kwana 45 ce daga fara aiki, liyen kwana 90 daga aikin ƙarshe. New York ta fi sassauci, wata 8 ne wa'adin shigar da liyen, ko wata 4 idan gidan iyali guda ne. Duk aikin da ya fito mana a wajen Teksas, kafin mota ta tashi da kaya sai lauyan can ya rubuto mana ranakun.

Kalmar "aikin ƙarshe" ita ma tarko ce. Masu aiki suna son su ce ai mun koma makon jiya mun canza soket guda biyu, saboda haka lissafi daga nan zai fara. A jihohi da yawa kotuna ba sa ƙirga komawa gyaran kuskure ko aikin garanti. Shi ya sa nake damun shugabannin ma'aikatanmu da takardar aikin yau da kullum: wa ya je, me ya yi, ranar nawa. Suna ganin fitina ce. Ni kuma ranar da ta fi tsufa nake ɗauka in yi lissafi da ita, ko da akwai hujjar ɗaukar ta baya.

Sai takardun yafe haƙƙin liyen, waɗanda ake miƙo maka duk lokacin biya. Iri biyu ne a asali: mai sharaɗi, wadda ba ta aiki sai kuɗi ya shiga asusu, da marar sharaɗi, wadda ke cewa an riga an biya ka. Teksas da Kalifoniya duk sun rubuta lafazinsu a cikin doka. Wanda ya sa hannu a marar sharaɗi yana riƙe da cekin da bai shiga ba, ya ba da makaminsa a kan alkawari. A ofishinmu ba a sa hannu a irinta sai na ga kuɗin da idona a shafin banki.

Akwai kuma inda liyen ba ya shiga sam. Ba a ɗora shi a ginin gwamnati. A aikin gwamnatin tarayya, dokar Miller ta 1935 ta tilasta wa babban ɗan kwangila ya kawo kamfanin inshora da zai tsaya masa, mai bin bashi kuma can zai nufa. Nan ma da wa'adi: wanda ba shi da yarjejeniya kai tsaye da babban ɗan kwangila kwana 90 gare shi ya ba da sanarwa, shekara guda ya shigar da ƙara. Jihohi suna da nasu kwatankwacin dokar don makarantu da hanyoyinsu. Gidan da iyali ke zaune ciki a Teksas kuwa, wanda doka ke ba kariya ta musamman, sai an rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki, miji da mata duk sun sa hannu, an kuma yi rajistarta a gunduma. Wanda ya fara aiki a kan musafaha ya rasa liyen tun kafin ya kafa ƙusa.

Mutum ya shigar da liyen ma bai gama ba. Yana da rai ne na ɗan lokaci, idan ba a kai ƙarar tilasta shi ba ya mutu. A Kalifoniya kwana 90 ne kacal daga rajista. A Fulorida shekara guda, amma mai gini na iya shigar da takardar ƙalubale ya mayar da ita kwana 60. A Teksas shekara guda ce daga ranar ƙarshe da aka halatta shigar da rantsuwar, kuma ana iya tsawaita ta idan mai gini ya yarda a rubuce aka yi rajista. Nan ne masu wayo ke jan mutum da zaman sulhu, yau a ofishin wannan, gobe a na wancan, har ranar ta wuce.

Fushi kuma ba ya shiga lissafin. Maigidana ya taɓa so a ƙara wa wani liyen kuɗin ɓata lokaci da na ɓacin rai, lauya ya hana. A New York liyen da aka kumbura da gangan ana soke shi baki ɗaya, har mai shi ya biya diyya. A Fulorida yana iya zama babban laifi. Abin da ke takardar neman biya, a cire abin da aka karɓa, shi kaɗai muke rubutawa. Idan aka biya kuma, takardar sakin ginin tana fita daga ofishinmu a makon, domin mai ginin da ya sauke nauyinsa yana da haƙƙin ganin takardun filinsa a wanke, kuma wannan ma doka ta sa masa rana.