Hana Hausa a aji ba ya koya wa yaro Turanci

Babban abin da koyar da Turanci a ƙaramar sakandare ya nuna mini shi ne, yaron da ya iya karatu da Hausa ya fi saurin kama Turanci. Iyaye da dama akasin haka suka ɗauka. Uba zai biya kuɗi masu yawa saboda an ce masa a makarantar nan ba a yin banakula. Monita na rubuta sunan duk wanda bakinsa ya suɓuce, a ci shi tara ko ya sha bulala. Abin da dokar ke haifarwa shiru ne. Yaro bai gane ba, ba shi da Turancin da zai yi tambaya, Hausar kuma an hana shi, sai ya gyaɗa kai kawai.

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwaji: aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuwa ya zama darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, sai dai takarda daban, aji daban.

Sai batun haddar nahawu. Aji guda zai rera maka ma'anar suna da aikatau kamar ana biya allo, amma ka ce su rubuta wa kawu wasiƙar layi biyar, sai kallon-kallo. Jarrabawar WAEC kuwa insha'i take nema, da fahimtar rubutu, da taƙaitawa, kuma ba a samun waɗannan sai da yawan karatu. Ɗalibaina da suka fi ci gaba su ne masu cinye littattafan labari, har da na Hausa da ake ɓoyewa a jaka.

Dariyar da ake yi wa mai rikita p da f ita ta fi ba ni haushi. Hausa ba ta raba sautukan biyu ba, motsa jikin baki ne na ɗan lokaci zai gyara. Amma yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya yakan rufe bakinsa har ƙarshen zango, shi ya sa a ajina sai ya gama maganarsa nake gyara masa.