Bakina ne ya ja min yau a Jodhpur

Yau dai Allah ya yi mun zo birnin Jodhpur ɗin nan na Indiya da muke ta ɗagawa tun kafin jarrabawa, ni da Rathore abokinmu Ba'indiye da Ɗan Zinder. Jirgin ƙasa na asuba daga Jaipur, zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu. A ƙofar Mehrangarh, tsohuwar fadar nan mai ganuwa, kuɗin shigar baƙo daban na ɗan ƙasa daban, Ɗan Zinder sai da ya yi ta mita har muka hau sama.

To a can saman ganuwar ne abin ya faru. Muna leƙen gidajen nan masu shuɗin fenti Rathore ya fara ba mu tarihin gidansu, kun san shi in ya fara ba birki. Wai su asalinsu ba mutanen hamada ba ne, daga Kannauj suka taso can gabas wajen kogin Ganges, sarkinsu Jaichand ne Muhammad Ghori ya ci da yaƙi a 1194, daga baya wani cikin zuri'arsa Rao Siha ya kwashi 'yan dawakinsa ya yo yamma har ya sauka Pali, mutanen garin suka roƙe shi ya tsare su daga mahara, daga gadi sai ga sarauta. Ya rasu 1273. Jikokinsa suka samu garin Mandore ta hanyar aure, Rao Jodha ya kafa garin nan a 1459, ɗansa Bika ya yi arewa ya kafa Bikaner a 1488. Duk wannan da ka yake zubowa wlh, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Har nan lafiya lau. Sai ya ce ai can asalin asali su jinin rana ne, zuri'ar Rama, wanda 'yan Hindu ke bauta wa. Ni kuma dariya ta ƙwace min. Da ma a nan na tsaya da sauƙi, a'a sai da na ƙara da cewa ai na karanta masana tarihi da yawa ba su yarda da haɗin nan da Jaichand ba, maroƙan fada ne suka ɗinka shi daga baya. Ɗan Zinder yana ta taka min ƙafa ban gane ba.

Shiru ya yi. Can ya ce to ku fa daga ina? Na gyara tsayuwa na kawo Bayajidda daga Bagadaza, rijiyar Kusugu, macijiya, auren Daurama. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi in lissafo masa kakannina. Na ce Baba, na ce Malam, na ce baban Malam... nan mota ta mutu. Su suna da masu riƙe littafin asali da ke bin gida gida, a haifi yaro su rubuta shi, a ba su tukwici.

Mirchi bada muka ci da rana, barkono ne guda a soye cikin ƙullu, har yanzu cikina bai yafe min ba.

Bayan isha'i na kira Baba ta WhatsApp na ce Baba don Allah ya sunan kakan Malam, kuma daga ina muka zo? Ya ce lafiya, ko kuɗin ne suka ƙare? Sannan ya ce shi dai ya ji ana cewa fatake ne daga wajen Gobir, in tambayi Gwaggo ita ta zauna da tsofaffi. Gwaggon da rabona da gaishe ta tun ƙaramar sallah, kuma ba ta jin waya sosai yanzu.

Rathore ya kwanta ya juya wa bango fuska, ban sani ba barci ne ko fushi. Haƙurin da na shirya ba shi yana nan a bakina. Jirgi ƙarfe shida, cajata kuma na bar ta a Jaipur.