Kwana Huɗu a Dajin Gashaka da Jakar Gwanjo

Kawuna ya daɗe yana aikin gandun daji kafin ya yi ritaya. Da na gaya masa zan je gandun dajin Gashaka da ke jihar Taraba a watan Satumba, bai tambaye ni kuɗin mota ba, bai tambaye ni masauki ba. Cewa ya yi in kawo masa jakar da zan goya. Na ɗauko wadda nake zuwa wurin aiki da ita, mai kyau ce, ga aljihuna barkatai. Ya juya cikinta waje, ya murza yadin, ya ja madaurin kafaɗa har ɗinkin ya buɗe baki. Ya ce, "Ɗan nan, wannan ta cikin gari ce. Can inda za ka, ruwa ta sama yake zuwa, ta ƙasa yake zuwa, kuma daga jikinka yake fitowa. Tashi mu je kasuwa."

Layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai muka nufa. A ranar na ga yadda wanda ya san daji yake sayen jaka. Launi bai dame shi ba, sunan kamfani ma haka. Duk wadda ya ɗauka sai ya fara shinshina cikinta. Yawancin jakunkunan goyo ana shafa wa bayan yadinsu wata roba siririya don tare ruwa, kuma zafi da danshi su ne ajalinta. Idan ta tsufa sai ta yi danƙo, ta yi wani wari mai tsami, ta riƙa ɓarewa kamar saɓar maciji. Uku ya ajiye saboda wannan kawai. Ta tamfol ɗin auduga irin ta sojojin da, wadda ni ta burge ni, ya ce in manta da ita: auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta ƙi bushewa, funfuna ya ci ta. Ta fata kuwa, duk da mu Kanawa dukanci gadonmu ne, ya ce a wannan dajin kwana kaɗan take buƙata ta yi furfura.

Wadda ya tsaya a kanta wata koriya ce ta nailan mai kauri, lita 45, an rubuta Cordura 500D a ɗan ƙyallen da ke gefenta. Lambar nan kaurin zaren take nunawa. Ta sama ake cusa mata kaya, a zuge da igiya, a rufe da murfi. Zif biyu kacal gare ta, duka ƙirar kamfanin YKK, masu manyan haƙora. Kawu ya ce kowane zif ƙofa ce ta ruwa, kuma shi ne ke fara mutuwa idan laka ta shiga. Ya nuna mini inda madaurin kafaɗa ya haɗu da jikin jaka, an maimaita ɗinki a wurin ya yi tsauri kamar ƙulli. Ya sa na goya ta, ya ɗaure mini bel ɗin ƙugu, ya ce nauyi a ƙugu ya kamata ya zauna, kafaɗa jagora kawai take yi. Bayanta raga ce a miƙe, akwai tazara tsakaninta da jikin jakar, iska na ratsawa. Da muka biya, ya ƙara sayen manyan ledoji biyu masu kauri da wasu ƙanana. Ya ce, "Jakar ɗaukar kaya ce. Waɗannan su ne masu tsare maka su."

Da ƙanina, ɗan baffana, muka tafi. Shi sabuwa fil ya saya a wani kanti, baƙa mai sheƙi, mai shago ya rantse masa ko a kogi ya jefa ta ruwa ba zai shiga ba. Ta fi tawa tsada, ta fi ta kyan gani.

Daga Kano muka bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo. Washegari muka kama hanyar Garba Chede da Bali zuwa Serti, hanyar da ke wucewa ta hau Mambila har Gembu. Tun daga Bali ƙasa ta fara sauya kama. Duwatsu suka tunkaro mu sanye da gajimare, ciyawa ta fi mutum tsawo, rigata ta manne a baya alhali a zaune nake. Mu da muka saba da damunar wata huɗu, a nan tun Afrilu ake ruwa har Oktoba, wani lokaci ya taɓa Nuwamba.

A Serti muka yi rajista da hukumar gandun, aka haɗa mu da ma'aikaci mai rakiya da wani dattijo ɗan yankin wanda ya san hanya. Gashaka Gumti shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasa na Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har bakin iyakar Kamaru. A 1991 aka kafa shi, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Mu ba can muka nufa ba. Burinmu Kwano ne, tsohon ƙauye a tsakiyar kurmi inda masu binciken birai suka kafa sansani a shekarar 2000.

Jarrabawar farko a Mayo Kam aka yi ta. Kogin ya cika ya yi ja, sai da kwalekwale. Ruwa ya taru a cikinsa har idon sawu, kuma babu inda za a ajiye kaya sai a nan. Na ga gindin jakata ya jiƙe sharkaf, gabana ya faɗi. Dattijon ya lura, ya ce, "Malam, ka sa leda a ciki?" Na ce na sa, Baba. Ya ce to bar ta ta sha. Da muka haye na zura hannu, cikin leda a bushe. A ƙauyen Gashaka muka kwana. Da yamma aka kai mu muka ga kangon ganuwar Jamusawa a kan tudu, tun zamanin da wannan yanki yake ƙarƙashin mulkinsu kafin yaƙin duniya na farko. Gansakuka ta rufe duwatsun, saiwoyi sun ratsa su.

Daga Gashaka zuwa Kwano tafiyar ƙafa ce ta wajen kilomita goma da ɗoriya. A takarda ba wani abu ba ne. A ƙasa kuwa hawa ne da gangara, da rafuka da ake tsallakawa ruwa iya gwiwa, wani iya cinya, da laka mai riƙe takalmi. Kafin mu yi awa ɗaya gumi ya gama da mu, kuma gumin nan ba ya bushewa, domin iskar ita kanta a jiƙe take. A nan na gode wa ragar bayan jakata. Ba ta hana ni gumi ba, amma duk lokacin da iska ta ɗan motsa ina jin ta a gadon bayana. Ta ƙanina soso ne lafiyayye a bayanta, mai laushi, ya tsotse gumi ya riƙe, kafin azahar ya fara goge masa fata.

Hadarin bai yi sallama ba. Muna cikin kurmi, duhu ya sauko, sai muka ji ƙarar ruwa a kan ganyaye daga nesa tana matsowa kamar garken shanu. Ƙanina ya yi maza ya lulluɓa wa jakarsa rigar ruwanta. Tawa ba ta da ita. Kusan awa biyu aka yi ana zuba, hanya ta koma rafi.

Abin da ya faru da jakarsa shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba abin da mai shago zai gaya maka ba ne. Rigar ruwan ta rufe gaba da gefe, amma ba ta rufe ɓangaren da ke manne da baya. Ruwan da ke gangarowa ta wuya da kafaɗa ya bi ta nan, ya jiƙa soson, ya sauka ya taru a gindin rigar ruwan kamar an ɗaura ƙwarya. Ƙaya kuma ta yage ta a wuri biyu. Yadin jakar da gaske ba ya shan ruwa, wannan ba a yi masa ƙarya ba. Amma duk inda allura ta bi, rami ne. Ta ɗinki ruwan ya shiga, ta dogon zif ɗin da ya kewaye ta ya shiga, kuma da ya shiga sai yadin nan mai hana ruwa ya hana shi fita. Da muka isa Kwano ya buɗe, tufafinsa da bargonsa suna iyo. Garin kwakinsa ya zama dunƙule. Wayarsa ce kaɗai ta tsira, ita ma don tana cikin ƙaramar ledar da kawu ya ba ni na raba mana.

Tawa daga waje ba ta da kyan gani ko kaɗan, ta jiƙe ta yi baƙi, ga laka. Na kwance bakin babbar ledar da na murɗe na lanƙwasa, na tarar da dardumata da gidan sauro da littafin rubutuna da ashana yadda na sa su a Kano. Na ba shi riga da wando. Ya ce, "Yaya, da na sani da na bi ku kasuwar nan." Raina bai yi daɗi ba, domin kuɗin guminsa ya sa, kuma ya saya ne da kyakkyawar niyya.

Na tambayi ma'aikacin ko akwai jakar da ruwa ba ya shiga sam. Ya ce akwai, irin wadda ba ɗinka ta ake yi ba, narka gaɓoɓinta ake yi da zafi a manne, bakinta kuma naɗewa ake yi. Masu aikin kogi suna son ta. Sai dai tana da zafi a baya, kuma idan ka sa jiƙaƙƙen kaya a ciki ka rufe, gobe da safe ba za ka so warin ba. Shi kansa tsohuwar jakar nailan yake goyo, da ledar buhun taki a ciki.

Kwana biyu muka yi a can. Babu abin da ya bushe sosai. Kilishin da na taho da shi, wanda a gida zai yi makonni, ranar ta uku ya fara farin gashi, dole muka zubar. Dabino da ƙuli-ƙuli da ke cikin leda ɗaure su suka riƙe mu. Jakata na rataye ta a reshe baki ƙasa, saboda kwarkwasa da gara, da safe ta tsane ta yi sauƙi. Ta ƙanina soson nan bai saki ruwa ba har muka bar dajin.

Da asubar kwana na biyu, bayan mun yi salla, Baba ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Can cikin kwari muka ji ihu, sai kuma dum-dum-dum. Biri mai ganga ke nan, wanda Turawa ke kira cimfanzi, yana dukan faffaɗan saiwoyin bishiya. Ba mu gan su ba. Mun ga shimfiɗun ganye da suka kwana a kai can saman bishiya, mun ga 'yan sandunan da suka feƙe suka bari a bakin wani rami, waɗanda Baba ya ce da su suke zaƙulo abinci. Mun ga gwaggon biri garke guda, da wasu baƙaƙe masu farar jela suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Na daɗe a tsaye a wurin, ruwa na ɗiga daga ganye a kaina, ban ji ina son motsawa ba.

A hanyar dawowa, a wata gangara mai santsi, madaurin kafaɗar jakar ƙanina ya tsinke daga sama. Layi ɗaya aka yi wa ɗinkin, ga nauyin ruwa ya ƙaru a kai. Baba ya zauna a kan dutse, ya ciro basilla da zaren nailan daga aljihunsa, ya yanko ɗan ƙyalle daga rarar bel, ya ɗora, ya ɗinke shi murabba'i ya gicciya a tsakiya. Bai ɗauki minti ashirin ba. Ya ce, "Yaro, ko jakar Bature ce, kada ka shiga daji ba allura." Ɗinkin nan ya kai mu har Serti. Na kwashe rabin kayansa na zuba a tawa, bel ɗin ƙugun ya karɓi nauyin, kafaɗuna ba su yi ciwo ba.

Abu ɗaya na ga ya gaza a tawa. Aljihunan gefe na raga ne, ƙaya ta kama ɗaya ta farke shi, gorar ruwana ta faɗi sau biyu. Da zan sake saye, mai aljihun yadi zan nema, mai ɗan rami a ƙasa don ruwa ya zurare.

Da na dawo Kano na wanke ta da ruwa zalla da ɗan sabulu, na goge zif da tsohon buroshin haƙori, na shanya ta a inuwa kwana uku kamar yadda kawu ya ce, domin rana mai zafi tana cin nailan, ninkewa da danshi kuma shi ke kashe robar ciki. Ranar Juma'a na kai masa ita. Ya juya cikinta waje, ya shinshina, ya ja madaurin kafaɗa da ƙarfi. Ya ga aljihun da ya farke, ya ce in kai wa baduku ya sa masa yadi. Sannan ya gyara zama ya ce, "To, ba ni labari. Mayo Kam ya cika?"